Tambayoyin Masu Karatu: Ƙarin Gidan Ƙwai Da Aka Ce Ba Na Daji Ba Ne, Yana Iya Rikiɗa?

Wasiƙun da na zaɓo a wannan fitowa guda huɗu ne, kuma ko da yake masu su ba su san juna ba, damuwarsu ɗaya ce: an gaya wa mace tana da ƙari a gidan ƙwai, an kwantar mata da hankali cewa ba na daji ba ne, sannan daga baya wata magana ta taso. Gidan ƙwai, wanda a asibiti ake kira obari, guda biyu ne a jikin mace, ɗaya a kowane gefen mahaifa, kuma tsawon kowannensu bai wuce santimita 3 zuwa 4 ba a shekarun haihuwa. Na taƙaita wasiƙun, na kuma cire sunaye kamar yadda aka saba.

Tambaya ta farko

Assalamu alaikum Likita. Mahaifiyata tana da shekara 61. Kimanin shekara ashirin da suka wuce an gaya mata tana da ƙari a gidan ƙwanta na dama, aka ce damoyid ne, ba na daji ba ne, kuma tunda bai dame ta ba sai ta bar shi. A bana cikinta ya riƙa kumbura, ta rame, aka yi mata aiki aka ciro ƙari mai faɗin santimita 14. Bayan mako biyu sakamakon gwaji ya fito, aka ce an sami ciwon daji a cikinsa, wai kuma irin dajin fata ne. Mun rasa gane kan wannan magana. Likitocin farko ne suka yi kuskure, ko kuwa aikin ne ya jawo? Kuma me ya kai dajin fata cikin ciki? Daga ɗanta.

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar da kake yi da ita. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin idan ta warware sauran za su zo da sauƙi.

Damoyid ƙari ne da ke tasowa daga ƙwayar ƙwan mace ita kanta. Ƙwayar ƙwai an halicce ta da ikon samar da kowane sashe na jikin ɗan Adam, saboda haka idan ta fara rarrabuwa ita kaɗai, ba tare da maniyyi ya same ta ba, sai ta riƙa gina sassan jiki barkatai, babu tsari babu kan gado. Duk wanda ya taɓa ganin an tsaga irin wannan ƙari bayan an ciro shi ba ya mantawa. Maiƙo ne mai kauri, ruwan ɗorawa, yake fara kwararowa, a tsakiyarsa ga dunƙulen gashi a cukurkuɗe, wani lokaci kuma a ci karo da haƙori sosai da sosai, ko ɗan guntun ƙashi, a manne jikin bango. Wannan kama ce ta sa masanin cututtuka na Jamus, Rudolf Virchow, ya raɗa wa dangin wannan ƙari suna teratoma a 1863, daga wata kalmar Girkanci mai nufin dodo. Sunan ya fi ƙarin kansa ban tsoro, domin damoyid yana cikin ƙarin gidan ƙwai da aka fi samu ga mata matasa, kuma mafi yawansu ba sa jawo abin da ya wuce ciwon mara, ko murɗewar gidan ƙwan idan nauyinsa ya yi yawa.

Ƙarin kamar jaka yake, kuma abin da ke shimfiɗe a bangon wannan jaka daga ciki fata ce ta gaske, mai tsiro da gashi, mai fitar da maiƙo. Tunda fata ce, dajin da ke kama fatar waje yana iya kama ta. Hakan yana faruwa ga kimanin kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari na masu damoyid, kuma a cikin waɗannan 'yan ƙalilan, wajen kashi 80 cikin ɗari dajin ƙwayoyin saman fata ne, wato irin wanda aka ce an samu ga Mama. Ragowar suna fitowa daga sauran sassan da ƙarin ya gina, kamar shimfiɗar hanji, ko ƙwayoyin da ke ba fata launi, ko tsokar tayirod, wadda wasiƙa ta biyu za ta kai mu gare ta.

Game da likitocin farko, ban ga alamar sun yi kuskure a abin da suka gani ba. Ana yawan gano damoyid tsakanin shekara 20 zuwa 40, rikiɗarsa zuwa daji kuwa an fi ganinta bayan shekara 45, musamman ga matan da al'ada ta ɗauke musu. Wannan tazara ta shekara goma sha biyar zuwa ashirin ita ke nuna cewa ƙarin yana zama lafiya lau na tsawon lokaci kafin wani yanki nasa ya sauya hali. Damoyid mai lafiya a hankali yake girma, abin da bai kai milimita 2 ba a shekara, saboda haka wanda aka ga ya zabura yana girma, ko ya haura santimita 10, ko ya bayyana ga mace mai manyan shekaru, ana yi masa kallon tuhuma. Akwai wani ɗan tudu da ke fitowa daga bangon jakar, wanda ke ɗauke da sunan Carl von Rokitansky, masanin cututtuka na birnin Viyana, kuma sau da yawa daga wannan tudu dajin ke farawa. Idan hoton MRI ya nuna tudun ya yi tauri, jini yana shiga cikinsa da yawa, ko ya fara keta bango zuwa waje, to magana ta canza.

Inda aka samu giɓi, a ganina, shi ne a cikin jimlar nan ta "ba na daji ba ne". Likita yana nufin yau, majinyaciya kuma tana jin har abada. Mu likitoci muna da namu kason laifin, domin sau da yawa muna faɗin rabin maganar mai daɗi, mu manta da rabin da ya rage, wato cewa ƙarin da aka bari a jiki yana bukatar a riƙa duba shi da hoto lokaci zuwa lokaci, kuma idan mace ta gama haihuwa ko ta kusa daina al'ada, ya kamata a sake zama a duba ko lokacin cire shi ya yi.

Aikin tiyata bai haifar da dajin ba. Kumburin ciki da ramar da Mama ta yi tun kafin a taɓa ta su ne shaida. Sai dai tsoron da mutane ke yi cewa wuƙa tana watsa daji yana da ɗan tushe a wannan wuri, domin idan ƙari mai daji ya fashe a cikin ciki yayin aiki, abin da ke cikinsa yana iya malala ya kama wasu wurare. Shi ya sa ake ƙoƙarin ciro ƙarin da ake tuhuma ɗungurungum, ko dai ta hanyar buɗe ciki, ko a saka shi cikin wata jaka ta musamman idan aikin ƙananan huda ake yi da kyamara. Saboda haka ka koma wurin likitan da ya yi aikin ka tambaye shi ko ƙarin ya fita a rufe ko ya fashe, ko dajin ya keta bangon jakar, da kuma ko an sami ƙwayoyinsa a ruwan cikin. Amsoshin nan su ne ke tantance matakin da cutar ta kai, mataki kuwa shi ne kan gaba wajen sanin abin da ke tafe. Idan dajin bai fita daga gidan ƙwai ba, kusan uku cikin kowace mace huɗu suna raye bayan shekara biyar, kuma wadda nata ya fita a rufe ba tare da ya keta bango ba ta fi haka sa'a. Idan ya bazu cikin ciki, lamarin yana da wuya ƙwarai, kuma ba zan ɓoye maka wannan ba.

Ga mace mai shekarun Mama, abin da aka saba yi shi ne a cire mahaifa da gidajen ƙwai biyu da mayafin kitsen da ke lulluɓe hanji, a duba kaluluwar ciki, sannan idan ya wuce matakin farko a bi da maganin kemo mai sinadarin filatinam. Saboda ƙarancin cutar, ba a taɓa samun majinyata masu yawan da za a gwada magunguna a kansu a kwatanta ba. Wani bita da mujallar Lancet Oncology ta buga a 2008 ya tattara abin da aka rubuta cikin shekara talatin, amma majinyata 277 kawai ya samu. Wannan shi ne dalilin da zai sa ka nace a tura Mama wurin ƙwararren likitan dajin mata, wanda ke zama da masu gwajin tsoka da masu ba da kemo su yanke shawara tare.

Tambaya ta biyu

Likita, barka da aiki. Shekarata 38, ina da 'ya'ya uku. An cire mini ƙari a gidan ƙwai na hagu, sakamako ya nuna wai sitiruma obari ne, kuma akwai daji a wani yanki nasa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne likita ya ce wataƙila sai an yi mini aiki a wuya. Ni ban taɓa yin maƙoƙo ba, wuyana lafiya lau. Me ya haɗa mara da maƙoshi? Daga wata mai karatu.

Malama, barka kadai, kuma tambayarki tana kan hanya, domin ko ɗalibin likita idan ya fara jin wannan magana sai ya sake tambaya. Tayirod wata 'yar tsoka ce a gaban wuya wadda ke tsotsar sinadarin aidin daga jini tana sarrafa shi ya zama sinadarin da ke daidaita zafin jiki da bugun zuciya da ƙarfin aiki, kuma ita ce idan ta kumbura ake kira maƙoƙo. Na faɗa a sama cewa damoyid yana iya gina kowane sashe na jiki. To wani lokaci abin da ya fi ginawa shi ne tsokar tayirod, kuma idan ta kai fiye da rabin ƙarin, sai a kira shi sitiruma obari. Kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na teratoma ne ke zuwa a haka, a cikinsu kuma ƙalilan ne ke zama daji. Tsokar tana aiki kamar ta wuya, har akan sami mace tana fama da faɗuwar gaba da gumi da rama da rawar hannu, a duba wuyanta a ga babu komai, ashe sinadarin daga mara yake fitowa.

Dajin da ke tasowa a nan dajin tayirod ne ta kowace fuska, sai dai ya tsiro a wurin da ba nasa ba, kuma wannan labari ne mai daɗi, domin irin da aka fi samu yana cikin cututtukan daji masu tafiyar hawainiya, masu jin magani. Babban makamin da ake yaƙarsa da shi shi ne aidin mai tururin nukiliya, wanda ake haɗiya, ya bi jini, duk inda ƙwayar tayirod take a jiki ta tsotse shi ta mutu. A nan wuyanki ya shigo. Muddin tayirod ɗinki ta asali tana nan, ita za ta shanye kusan dukkan maganin, ƙwayoyin dajin da suka ɓuya a wani wuri su tsira. Cire ta yana buɗe wa maganin hanya. Yana kuma ba da damar a bincika ta a tabbatar ba daga can dajin ya faro ya gangaro gidan ƙwai ba, sannan bayan an cire ta, gwajin jini na tairogilobulin, wani sinadari da ƙwayoyin tayirod kaɗai ke samarwa, yana zama ɗan leƙen asiri, domin idan babu tayirod a jiki bai kamata a same shi ba, in kuwa ya bayyana an san wani abu ya dawo.

Amma ki lura likitanki cewa ya yi "wataƙila", kuma ya yi daidai. Idan yankin dajin ƙarami ne, bai keta bango ba, bai kuma bazu ba, likitoci da yawa suna tsayawa a cire gidan ƙwan da abin ya shafa, su ɗauki hoton wuya, su ci gaba da sa ido. Wadda aka cire wa tayirod za ta riƙa shan ƙwayar maye gurbinta kullum har ƙarshen rayuwa, saboda haka ba shawara ce da ake yankewa a tsaye ba. Ki nemi a gaya miki girman yankin dajin da irinsa, ki kuma nemi a haɗa ki da likitan sinadaran jiki kafin a sa ranar aiki. Ko wace hanya aka bi, bibiyar ta shekaru ce masu yawa, domin wannan daji yana iya dawowa bayan shekara goma ko fiye.

Tambaya ta uku

Likita, shekarata 33, na yi shekara huɗu da aure ban samu haihuwa ba. Tun ina budurwa nake fama da ciwon mara mai tsanani lokacin al'ada. An ce ina da endometiriyosis, da ƙulli mai faɗin santimita 4 a gidan ƙwai. Na ji an ce yana komawa daji, har na fara tunanin a cire mini gidajen ƙwan gaba ɗaya in huta. Daga wata 'yar'uwa.

'Yar'uwa, Allah ya kawo masu albarka, kuma ina roƙonki ki ajiye wannan tunani a gefe. Endometiriyosis shi ne tsoka irin wadda ke shimfiɗe cikin mahaifa ta tsiro a wajenta. Idan ta tsiro a gidan ƙwai, kowane wata tana zubar da jini kamar yadda ta cikin mahaifa ke yi, jinin kuma ba shi da mafita, sai ya taru ya tsufa ya yi baƙi-baƙi da kauri. Wannan shi ne ƙullin da aka gani. Cutar tana shafar kusan mace ɗaya cikin goma a shekarun haihuwa.

Abin da kika ji yana da asali. Tun a 1925 likitan mata na Amurka, John Sampson, ya bayyana dajin da ya taso daga irin wannan tsoka, kuma iri biyu ne na dajin gidan ƙwai aka fi dangantawa da ita, mai ƙwayoyi garai-garai da mai kama da shimfiɗar mahaifa. Ana ganin sinadarin ƙarfe da ke cikin tsohon jinin yana cin ƙwayoyin bangon ƙullin shekara da shekaru har ya lalata musu ƙwayoyin gado, kuma a 2010 an gano cewa lalacewar wata ƙwayar gado mai suna ARID1A tana yawan bayyana a waɗannan cututtuka, har ma a tsokar endometiriyosis da ke maƙwabtaka da su.

Yanzu ki dubi lissafin. A yankin Shizuoka na ƙasar Japan an bibiyi mata 6,398 masu irin ƙullinki na tsawon shekaru, aka buga sakamakon a 2007, kuma 46 ne kawai suka kamu da dajin gidan ƙwai, wato ƙasa da mace ɗaya cikin ɗari. Waɗanda abin ya fi shafa su ne masu shekara 45 zuwa sama, da masu ƙullin da ya kai santimita 9. Ke ba ki cikin ko ɗaya. Idan aka cire miki gidajen ƙwai biyu a shekara 33, an rufe ƙofar haihuwar da kike nema, an kuma jefa ki cikin ɗaukewar al'ada tun lokaci bai yi ba, tare da abin da ke biyo bayanta na raunin ƙashi da haɗarin ciwon zuciya. Ko ɓare ƙullin kaɗai yana rage yawan ƙwan da ke ajiye, shi ya sa likitan haihuwa yake auna ribarsa da asararsa kafin ya taɓa shi. Abin da ya dace da ke shi ne a ci gaba da neman haihuwa, ana duba ƙullin da hoto. Idan ya fara girma da sauri, ko aka ga wani tudu mai tauri ya fito a cikinsa, ko ya ƙi motsewa bayan al'ada ta ɗauke, a lokacin ne za a yi maganar cirewa. Idan kuma kin gama haihuwa, ki tattauna da likitanki kan ƙwayoyin tazarar haihuwa, domin bayan rage ciwon mara, an tabbatar suna rage haɗarin dajin gidan ƙwai, kuma kariyar tana ƙaruwa da tsawon shekarun da aka sha su.

Tambaya ta huɗu

Likita, shekarata 54, al'ada ta ɗauke mini shekara uku da suka wuce. An ga ɗan ƙulli mai ruwa zalla, santimita 3, an yi gwajin jini na CA-125 an ce daidai yake, aka ce in dawo a sake hoto. Ba zai fi kyau a cire shi kawai ba, ko in riƙa yin gwajin jinin kowace shekara? Daga wata uwa.

Hajiya, shawarar da aka ba ki ita ce ni ma zan ba ki. Ƙulli mai ɗaki ɗaya, mai siririn bango, mai ruwa zalla, babu tudu a ciki, haɗarinsa kaɗan ne ƙwarai ko bayan ɗaukewar al'ada. A wani babban bincike na ƙasashe da dama da aka buga a 2019, an bibiyi mata 1,919 waɗanda hoto ya nuna ƙarinsu ba na daji ba ne, kuma cikin shekara biyu kusan kashi 20 cikin ɗari ƙarin ya ɓace da kansa, waɗanda aka samu da daji kuwa ba su kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Tiyata ita ma tana da nata haɗarin, ba a yin ta don kawar da waswasi kawai.

Shi kuwa CA-125, wato sinadarin da ake aunawa a jini don neman alamar dajin gidan ƙwai, kada ki ɗora masa nauyin da ba zai iya ɗauka ba. Yana hawa saboda endometiriyosis, da juna biyu, da jinin al'ada, da tarin fuka na ciki, da ciwon hanta, sannan yana zama daidai ga kusan rabin matan da dajinsu ke matakin farko. A Birtaniya an yi wani bincike da mata fiye da 200,000, aka riƙa tantance rabinsu da shi tare da hoto, ko da hoto kaɗai, aka bi su shekaru masu yawa, sakamakon da ya fito a 2021 ya nuna bai rage mace-mace ba. Amfaninsa yana fitowa ne idan an haɗa shi da hoto da shekarun mace, ba shi kaɗai ba.

Ki koma ranar da aka sa miki, ki tafi da takardar hoton farko domin a kwatanta girman da milimita. Idan kuwa kafin ranar kin ga cikinki yana kumbura ya ƙi saɓewa, ko kina ƙoshi da ɗan abin da kika ci, ko fitsari ya yawaita, ko kika ga jini bayan al'ada ta ɗauke, kada ki jira ranar.